Sojan da Yahaya Ya Hau Tudu da Shi Sau Biyu

Yahaya ya fi shekara talatin yana dako a birnin Salvador, can ƙetaren teku, kafin a fara yaƙin Paraguay. Yana saurayi aka kawo shi daga ƙasar Zazzau. Ya yi bauta, ya fanshi kansa, aikin dai bai canja ba. Garin hawa biyu ne, kwata da kasuwa a bakin teku, gidaje a kan tudu, kuma duk abin da zai hau ko ya sauka sai ta kafaɗar mutum. Shi da abokinsa Isma'ila, Bakatsine mai ƙarancin magana, suna da kujera mai labule da suke ɗaukar mutane a ciki, Yahaya a gaba, Isma'ila a baya.

Da yaƙi ya tashi, soja suka kwashe 'yan dako. Wata da watanni suna jigilar gangunan albarushi, buhunan garin rogo da damman takalma daga barikin Água de Meninos zuwa kwata, inda kwale-kwale ke kai su jirgi. Samari kuma suna shiga jirgin da kiɗa. Bayan shekara biyu jiragen suka fara dawowa da abin da ya rage na samarin, sai aka ce wa su Yahaya su ɗauko kujerarsu.

Wata Laraba da hantsi saje ya sa aka ɗora musu wani soja baƙi, ramamme, ƙafarsa naɗe da tsumma. Sajen ya maƙala wa rigar sojan takarda, ya nuna tudu, can inda aka mai da wani tsohon gida asibiti. Suka kama hawa. Sojan yana nishi, yana neman ruwa. Wajen rabin hanya nishin ya tsaya.

Isma'ila ya ce, "Malam Yahaya, nauyin nan ya sake."

Suka sauke a inuwa. Yahaya ya ɗaga labule, ya taɓa wuyansa, ya shafe masa ido. Suka ƙarasa da shi.

Akawun asibiti ya karanta takardar, ya leƙa kujera, ya ce nan masu rai ake karɓa, su mai da shi inda suka ɗauko shi. Suka gangara. Saukowa ta fi hawa cin gwiwa, musamman ga na gaba. A kwata saje ya ce shi mai rai ya ba su, ya riga ya cire sunan daga lissafin jirgi, ba ruwansa. Yahaya ya yi masa bayani da ɗan harshen Fotugis ɗin da yake ji. Saje ya juya baya, ya ci gaba da ƙirga akwatuna.

"Mu ajiye shi nan mu tafi," in ji Isma'ila. "Ba namu ba ne."

"Ƙuda za su rufe shi kafin azahar. Ɗan wata uwa ne. Ɗauki."

Suka sake hawa, rana tsaka. Wannan karon Yahaya bai bi ta wurin akawu ba. Ya sa suka ajiye kujerar daidai bakin ƙofa, yadda ba mai shiga ko fita sai ya raɓa ta, suka zauna a ƙasa. Sai la'asar wani likita ya fito, ya tambayi abin da ya tare hanya, ya ƙara kalma biyu a takardar, aka shiga da gawar.

A gida Lantana, matar Yahaya, ta dafa ruwa ta gasa masa gwiwa. Ta ce, "Malam, wa ya aike ka? Ko sunansa ka sani?"

"Yana jikin takardar. Ban iya karatunsu ba."

Gwiwar ba ta koma daidai ba. Ya lallaɓa har damina ta wuce, sannan ya bar wa Isma'ila kujerar, Isma'ila kuma ya sami wani Bayarabe ya riƙe masa gaba. Yahaya ya koma saƙar malfa a ƙofar ɗakinsu, Lantana tana suyar ƙosai a gefensa. In Isma'ila ya biyo ta layin da kaya ba ya tsayawa, sai dai ya ce, "Sannu da hutawa," Yahaya ya amsa masa da "Sannu da aiki," ya bi sawunsu da ido har su sha kwana.