Har Yanzu Ba Su Sauka a Wata Ba, Baba

Shekara biyar ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Idi mai rake na Nasarawan Doya, Allah Ya jiƙansa Ya sa ya huta. Ya bar gonar rake a fadama, da injin matse rake, da tukwanen dafa mazarƙwaila, duk an raba su yadda shari'a ta ce. Abu ɗaya ne masu rabon gado ba su san da shi ba, kuma ni ya faɗo wa: wani musu da bai ƙare ba.

Abokin musun shi ne Baba Tanimu na Gubuchi, manomin barkono, taubashin mahaifina. Uban wannan da uwar wancan ciki ɗaya suka fito, saboda haka wasa tsakaninsu halal ne tun suna yara, kuma ba su taɓa barinsa ya huce ba. Sun yi musu a kan taki, a kan ko raken waye ya fi zaƙi alhali Baba Tanimu ko kara ɗaya bai taɓa dasawa ba, amma babban musun shi ne na wata. Baba, wato mahaifina, ya ce mutum ya taɓa taka duniyar wata, da kunnensa ya ji a rediyo yana saurayi. Baba Tanimu ya ce tatsuniya ce ta Turawa, kuma duk wanda ya yarda da ita zai yarda an ga kaza da haƙori.

Ana nan sai labari ya zo cewa za a sake tura mutane su sauka a can, har an sa lokaci. Na tuna ranar da Baba ya dawo daga kasuwar Makarfi bakinsa har kunne. Ashe a rumfar masu mazarƙwaila, gaban jama'a, suka ƙulla sharaɗi. Idan aka sauka, Baba Tanimu ya gani da idonsa, zai cire hularsa a tsakiyar kasuwa ya ce, "Idi ya fi ni gaskiya." Idan kuwa aka fito aka ce an fasa, Baba ne zai cire tasa. Wanda ya san dattawan ƙasarmu ya san cire hula a bainar jama'a ba ƙaramin abu ba ne, ni kaina ban taɓa ganin tsakar kan Baba Tanimu ba.

Daga nan Baba ya zama mai bin jadawalin harba roka kamar yana da kaya a ciki. Ni da nake koyarwa a Ikara, na zama 'yar aikensa: duk ƙarshen mako in na je gida, kafin in ajiye jaka zai ce in duba masa a waya. Ba na wata kaɗai ba, har na taurarin ɗan'adam da ake harbawa don sadarwa da duba yanayi, da na masu kai 'yan sama jannati tashar sararin samaniya. Rabin abin da nake karanto masa kuwa ɗagewa ce. Yau an ce iska ta yi ƙarfi, gobe an ce an ga yoyon mai, jibi an ce hadari ya taso.

Nan Baba Tanimu yake samun nama. Yakan zo a kan tsohon babur ɗinsa, ya gaisa da mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi gajiya da iyali da ruwa, sai ya gyara zama ya ce, "To Idi, mutanenka sun tashi?" In aka ce an ɗage, ya yi dariya har da buga cinya. "Mutanen da hadari ke hana su fita, su ne suka je wata? Ni da ruwa bai hana ni zuwa Kudan ba! Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya, su kuwa ko kunyar ba su da ita."

Baba ba ya fushi. Yakan ce shi ɗagewar ce ma ta sa ya yarda da su, don maƙaryaci ba ya fitowa ya ce injinsa na yoyo. Direban da ya ji ƙara ya tsaya ya buɗe gaban mota, shi ke kai fasinja gida. Haka shi ma yake a sana'arsa: ko dillalai sun cika ƙofar gida, ba ya sauke tukunya sai ruwan rake ya kama. Sannu ba ta hana zuwa, in ji shi, Baba Tanimu kuma ya ƙarasa masa da cewa sai dai a daɗe ba a je ba.

An daɗe ɗin kuwa. Baba ya kwanta ciwo bayan an gama yankan rake, bai tashi ba. Lokacin da aka sa na sauka a wata ya zo ya wuce, aka sa wani, shi ma aka matsar da shi gaba. Sau da yawa nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Yanzu harba tauraron ɗan'adam ya zama kamar tashin motar kasuwa, wani kamfani ya harba yau ya sake harbawa kafin mako ya zagayo. Da ya ji labarin 'yan sama jannatin nan da suka tafi da niyyar kwanaki kaɗan suka share watanni saboda an ƙi amincewa da kumbon da ya kai su, na san zai ce an yi daidai, gara a daɗe a dawo da rai. Kuma na san Baba Tanimu zai ce ai ko baƙon ƙauye ya fi su sanin ranar komawa gida.

Na ɗauka musun ya bi Baba kabari. Bayan sadakar arba'in sai ga kira daga wata lamba da ban sani ba. Baba Tanimu ne, wanda ya rantse ba zai taɓa riƙe waya ba, ya sa an saya masa. Muka gaisa, ya yi mini ta'aziyya karo na ba adadi, sannan ya ce, "'Yar Idi, mutanen ubanki sun tashi?" Kuka ya ci ƙarfina. Tun daga ranar, ba a yin wata guda bai kira ba, ni kuma na ci gaba da bin jadawalin da na yi niyyar mantawa da shi.

Bara yanar ido ta rufe wa Baba Tanimu gani. 'Ya'yansa suka yi ta fama ya je a cire, ya ƙi, shi da asibiti ba sa ga maciji. Da na je gaishe shi, na ce masa sharaɗin dai da ido aka yi, in ya bar idon ya tafi, mutanen kasuwa za su ce gudu ya yi. Ya yi tsaki ya ce, "Ni zan guje wa Idi?" A makon nan aka kai shi Zariya, ya dawo yana gani tangaran.

Kwanan baya na sake zuwa Gubuchi da labarin cewa an ƙara matsar da tafiyar. Na shirya jin dariyar nan da buga cinya. Sai na ji ya ce alhamdu lillahi a hankali, ba da sigar tsokana ba. Na ce, "Baba, murna kake ka ci musu?" Ya kalli barkonon da aka shanya a tsakar gida, sannan ya amsa.

Mutane suna tuna mahaifina da mazarƙwailarsa da haƙurinsa, kuma sun yi gaskiya. Amma gona ta koma hannun wasu, injin ya tsufa, ni kaina muryarsa ta fara yi mini nisa, abin da ke ba ni tsoro. Inda na ga ya rage da ransa sosai shi ne a bakin dattijon nan da ya shafe rayuwarsa yana ƙaryata shi. Ga abin da ya ce mini:

"'Yar nan, na daɗe da sanin ubanki ya fi ni gaskiya, Idi bai taɓa yi mini ƙarya ba. Hular kuma zan cire, ko a kan jaki za a kai ni kasuwar. Amma ranar da na cire ta, magana ta ƙare tsakanina da shi. Su yi ta ɗagewa, ni ba na sauri."

Allah Ya jiƙan Baba. Allah Ya ƙara wa taubashinsa kwana.