Butar Azurfar Yaya

Shekarar da yayana ya dawo Wurno daga fataucin Kano, ban taɓa ganin gidanmu ya cika haka ba. Jar fatar awaki ya tafi da ita, jakuna fal, ya dawo da buta ɗaya da faranti da 'yan kofuna, wai wani Balaraben sahara ya musanya masa. Ya ce a cikinta suke dafa wani ganye, shayi. Mu ina ruwanmu da ganye! Ƙyallin muke kallo. Na leƙa cikinta na ga fuskata, hanci ya yi faɗi kamar na saniya, na yi dariya har da hawaye.

Baba bai yi dariya ba. Ya ce, "Hwatun shekara guda kab bayar don wagga?" Yaya ya rantse azurfa ce zalla. Baba ya ce in ta tabbata ba haka ba, ya gama fatauci, ya koma gonar fadama. Yaya kuwa ya tsani fartanya kamar mutuwarsa.

Inna ta ɗora butar can saman jerenta, bisa tasoshi. Mata suka yi ta zuwa kallo, har daga Goronyo. Ni ce mai saukowa da ita, ina hura hanci kamar ni na ƙera ta. A hankali Baba ma ya sauko. In ya yi baƙi sai ya aiko in kai ta zaure.

Da damina sai butar ta dushe. Inna ta yi mata abin da ake yi wa kowace tasa: toka, tsamiya, da lallausan yashin gulbin Rima, tana dirza tana waƙa. Can waƙar ta tsaya. Gefe guda ya yi ja wur. Tagulla ce aka shafa wa azurfa.

"Mi munka yi?" in ji Inna. Raina ya ɓaci ƙwarai, tausayin Yaya ya kama ni. Muka yi shawara: jan gefen ya fuskanci bango. In zan kai ta zaure, sai in manna shi a ƙirjina, in dire ta a kusurwa. Yaya ya sake ɗaure kaya ya tafi, bai san komai ba.

Rannan wani dattijo daga Rabah ya miƙa hannu a zaure zai ɗauki butar ya jujjuya. Ina bakin ƙofa ina kallo. Baba ya riƙe masa hannu.

"A'a, malam, bar ta nan. Daga wanga gehe ta hi kyau."

Sannan ya dube ni ya ce, "Ɗauki ki maida ma uwarki. Ki riƙe ta yadda kika saba."