Yaya Sule, Matuƙin Jirgin da Bai Dawo Ba

Bana shekara hamsin da bakwai ke nan da jirgin Yaya Sule ya tashi bai dawo ba. Ina 'yar shekara goma sha ɗaya a lokacin. Yau ga ni da furfura da sandar dogarawa a Small Heath, cikin Birmingham, na kusa ninka shekarunsa sau uku. A gidanmu kaf ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka taɓa jin muryarsa, shi ya sa na ga gara in rubuta tun da sauran numfashi.

Sulaimanu sunansa, shi ne ɗan fari a wurin mahaifinmu, wanda tela ne a Funtuwa. Yana cikin samarin farko da aka ɗiba daga sakandare aka kai Jamus koyon tuƙin jirgin soja, a zamanin da ko Kano ba kowa ne a unguwarmu ya taɓa zuwa ba. Yana da i'ina mai tsanani, in zai ce maka sannu sai ka gaji da jira. Amma ya sha gaya mana cewa da ya rufe murfin jirgi ya kama magana ta rediyo, harshensa warwarewa yake yi. Inna ba ta taɓa yarda ba. Kuma mutumin nan mai keta gajimare, in ya hango karen maƙwabcinmu mafarauci, hanya yake sakewa.

Da yaƙin basasa ya ɓarke aka tura shi kudu. A hutunsa na ƙarshe ya zo a rame, raharsa ta ragu. Na kai masa tuwo ɗakinsa, na tsuguna na yi masa tambaya irin ta yara: "Yaya, in kana can sama kana ganin mutane?" Ya daɗe yana kokawa da kalmar kafin ta fito. "Ana gani," ya ce. Ya ture kwanon ya wanke hannu.

Da damina ta yi tsakiya wasu hafsoshi biyu suka zo da akwatin ƙarfensa. Suka ce an harbo jirgin, ya faɗa cikin kurmi inda ba a iya shiga. Babu gawa, sai sallar ga'ib aka yi masa. Inna ta karɓi gaisuwa, amma har ta rasu in ta ji ƙugin jirgi sai ta ajiye abin da ke hannunta. Baba kuwa bai ƙara ɗinka kaki ba, ko na 'yan makaranta ne. Shekarar Yaya ashirin da huɗu, bai yi aure ba.

Haka na riƙe shi a raina, jarumin gidanmu. Aure ya kawo ni Ingila, na yi aikin ungozoma har na yi ritaya, kuma duk gidan da muka zauna, tun daga flat ɗin council na farko, wato gidan haya na hukuma, hotonsa cikin kakin soja shi nake fara rataya a falo.

Shekara biyu da suka wuce autana Aminu ya kawo maganar aure. Nkechi sunan yarinyar, sun haɗu a jami'a a Manchester, iyayenta Ibo ne mazauna can. Na gan ta, na yaba da hankalinta. Ana saura mako guda iyayenta su kawo mana ziyara, Aminu ya tsaya a gaban hoton yana sosa ƙeya.

"Mum, please, ki sauke shi, just for that day," ya ce. "Kakar Nkechi jirgi ne ya kashe ta a kasuwa lokacin yaƙi. Baban Nkechi yana wurin."

Na ce masa ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In na sauke hoton ranar ziyara, zan sauke shi ranar ɗaurin aure, in sauke ranar suna, har yaushe? Washegari na hau jirgin ƙasa zuwa Manchester ni kaɗai, ina sane zan iya rusa wa ɗana aure da bakina.

Baban Nkechi dattijo ne dogo, ya haura saba'in. Ya tarbe ni da Hausa tsantsa, irin ta da, wadda ko 'ya'yana ba su iya ba. A Sabon Garin Zariya aka haife shi, mahaifinsa ma'aikacin reluwe ne, sai da rikici ya tashi suka gudu kudu da kayan jikinsu. Bayan mun gaisa na gaya masa abin da ya kawo ni, ban ƙara ba ban rage ba.

Matarsa ta kawo shayi. Sannan ya ba ni labarin ranar kasuwar. Mahaifiyarsa tana sayar da garin rogo, ta aike shi ɗebo ruwa, yana hanyar dawowa ya ji ƙugin. Ya ce jirgin ya yi ƙasa-ƙasa sosai. Nan take tuwon da Yaya ya ture ya faɗo mini a rai, ban kuma furta ba.

"A wane yanki ya yi aiki, Hajiya?"

"Wallahi ban sani ba. Ba a taɓa gaya mana ba."

"Ina aka binne shi?"

"Ba shi da kabari."

Ya gyaɗa kai. "Mahaifiyata ma ba ta da shi." Can ya nisa ya ce, "Ba zan ce miki na yafe ba, don ban san ko shi ne ba, kuma ba ni aka kashe ba. Amma yaran nan ba su jefa wa kowa bom ba."

An ɗaura aure. Duk zuwan baban Nkechi gidana yakan zaɓi kujerar da ta ba hoton baya, ni kuma ban taɓa nuna masa wata ba. Mukan sha hira a kan Zariya da Funtuwa, da tsadar gas, da wahalar samun ganin GP, likitan unguwa. Maganar yaƙi ba mu sake ɗaga ta ba.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga yau. Na tabbata zai yi dariyar yadda jikokin Inna ke hawa jirgi da silifas kamar motar haya, suna ƙorafin abinci. Ban san yadda zai ji ba in aka ce masa yanzu akwai jiragen yaƙi marasa matuƙi, mutum yana zaune a ɗaki mai sanyi yana sarrafa su. Zai ce an hutar da iyaye irin Inna? Ko zai ce wanda ba ya cikin jirgin ba zai taɓa kasa cin tuwo ba? Auren Aminu kuwa, ina jin da ya halarta, da ya zauna can gefe, ya sha fama kafin ya iya cewa Allah ya ba da zaman lafiya. Amma fa zato nake yi. Na san shi shekara goma sha ɗaya ne kawai, da idon ƙanwa.

Waiwaye adon tafiya, in ji Hausawa, sai dai ba duk abin da mutum ya hango a baya ne ado ba. Me ya rage na Yaya Sule? Babu ɗa, babu kabari, babu titi mai sunansa. Akwai dai wannan: lokacin da Baba ya ce karatuna ya isa haka a firamare, Yaya ne ya durƙusa a shagon ɗinki, da i'inarsa, ya ƙi tashi sai da Baba ya janye. Duk jaririn da na karɓa a garin nan, da hannunsa a ciki. Ba na ɗora wannan a sikeli da abin da ya faru a kasuwar nan, ko a wata irinta, domin sikelin ba nawa ba ne.

Shekara hamsin da biyar ina cewa Allah ya jiƙan Yaya, ya gafarta masa, kamar yadda ake faɗa wa kowane mamaci. Har yanzu ina faɗa bayan kowace salla. Bambancin kawai shi ne, tun da na dawo daga Manchester, in na ɗaga hannu na san abin da nake roƙo a gafarta.