Takardar da Malam Idi Ya Dangwala

"Mushe mai gabatar da ƙara, ba ka gane ni ba ko?"

Jiya ne a kasuwar Mirriya, ina tsaye wajen masu gyaɗa. Sai da na dube shi da kyau na gane Malam Idi ne, manomi daga wani ƙauyen Dogo. Ni na gabatar da ƙara a kansa kan satar bijimi, aka kai shi kaso. Damana biyu ya yi a ciki kafin kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin, don takardar da aka ce ya amsa laifi a cikinta da Faransanci take, ba wanda ya fassara masa kafin ya dangwala yatsa.

Na zaci zagi zan sha. Sai ya ce, "Abu ɗaya nake son sani. Me aka rubuta a takardar nan?"

Na ce, "An rubuta ka yarda ka kama bijimin, ka ɗaure shi a gidanka."

Ya ce, "Ai haka aka yi. Gonata ya shiga, ya ci mini gero. Mu can, in dabba ta yi ɓarna, ɗaure ta ake yi har mai gari ya zo ya gani. Da ka tambaye ni, da na faɗa maka."

Ni haifaffen unguwar Zango ne, ɗan birni, ban taɓa riƙe hauya ba. Takarda na karanta, na ga ta ishe ni.

Abokan aiki, ku gaya mini: kotu ta sake shi, amma damana biyun nan, wa zai mayar masa?