Sunan da ba ya kai ka ko'ina

Ina cikin share tallace-tallacen banza daga shafina na noman doya da safen nan, na masu caca da masu maganin basir, sai na ci karo da wani sharhi da na'ura ta jefa cikin shara:

"Rubutu naka ta yi daɗi. Ni yana karanta kullum."

Na'ura ta ɗauka shirme ne. Ni kuwa da na tashi a Jalingo na san Hausarmu ce ta kasuwa, mutum ne mai rai. Rabona da sharhin mutum mai rai har na manta, ni kaɗai nake ta surutuna a shafin.

Duk wanda ya yi sharhin gaskiya nakan sa sunansa da link ɗin shafinsa a gefe, don haka na nemi nasa.

Ya ce, "Ɗana, ba ni da link. Ni tsoho ne a Lau, mata na ya rasu, yara sun tafi birni. Sa sunana kawai, ko za su gani."

Na sa. Sunan tsohon ne kaɗai baƙi, tunda ba shi da link, a cikin shuɗayen sunayen waɗanda suka daina leƙo ni. In ka danna, ba ya kai ka ko'ina.

Ku fa, wa kuke jira ya ga sunanku?