Baban Layi, Ba Za Su Rataya Sunanka Ba

Ranar Talata, tara ga watan nan, da hantsi, ina cikin wasa aska sai ga babbar 'yarka tsaye a kaina, ko sallama ba ta iya yi ba. Na dubi fuskarta, na ninke askar. Wanda ya ba mu aronka ya karɓi abinsa, mu ma duk can muka nufa. Baban Layi, mai walda, maƙwabcin rumfata tun gashinmu yana baƙi, ka riga mu gidan gaskiya.

Ni mai aski ne, ban taɓa zama a aji ba. Ni nake faɗa, surukina yake rubutawa, na kuma gaya masa zan sa wani ya karanta mini, in na ji ya sassauta kalma guda to mu da shi ne. Abin da ya sa na nace shi ne, tun ƙasar kabarinka ba ta bushe ba, kwamitin jawo masana'antu na garin nan ya fara shirin ƙera babbar ƙofar ƙarfe a bakin filin da suka kore mu, su rubuta sunanka a samanta, wai kai ka sadaukar da wurin don ci gaban gari. Ina nan aka yi komai. Matuƙar ina numfashi, wannan ƙarya ba za ta tsaya da ƙafafunta ba.

Amma bari in fara da kai, don kai ne abin tunawa, ba su ba.

Yaran yanzu ba su san yadda layin nan yake ba. Da ka shigo gari ta babban titi, hannun dama, rumfuna ne jere har gangaren kwalbati: masu walda, kanikawa, masu gyaran injin niƙa, kafintoci, masu fenti, sai ni a tsakiya ina kwashe musu gashi. Ƙara ba ta barin mutum ya ji gaisuwa. Kai ka fara kafa rumfa a wurin lokacin ciyawa ce kawai, sauran duk ko ka koyar da su, ko ka ba su inuwa har suka tsaya da ƙafarsu. Shi ya sa ba wanda yake kiran sunanka na yanka. Baban Layi, shi ke nan.

Na tuna ranar da kujerar askina ta karye da wani mai ƙiba a kai. Ka leƙo da tabaran walda a goshi kana dariya har da riƙe ciki, ka ce, "Mai Aski, kai aka kawo maka ka aske, ba mutum aka ce ka kayar ba." Kafin la'asar ka maido mini ita da sabuwar ƙafa. A kanta nake aiki har yau. Gadajen ƙaramin asibitinmu da suka yi tsatsa, kai ka kwashe su ɗaya bayan ɗaya ka gyara, ba wanda ya aike ka. Gurgun nan mai sayar da goro a tasha, kekensa daga guntayen bututun rumfarka ya fito. Sannan yaran da iyayensu suka gaji da su, masu shaye-shaye da masu ɗauke-ɗauke, wurinka ake kawo su. Ba ka duka. Sai ka miƙa wa yaro guduma ka ce, "Ga abin bugu nan, in ka gaji ka zo mu sha shayi." Da yawansu yau magidanta ne.

Cikin waɗanda suka ci daga rumfar nan har da ɗan yayarka, wanda yanzu ake kira Ciyaman, mai gidan man da ke kallon filin. Uban ya rasu yana ƙarami, kai ka ɗauke shi. Na sha aske masa kai yana tsala ihu, kai kana riƙe da ƙafafunsa.

Maganar masana'anta kuwa daga bakinka aka fara jin ta a garin nan, kada wani ya ce ba haka ba. Ka je birni sayen rodin walda, ka haɗu da mutanen wani kamfani mai ƙera baro da tankunan ruwa, suna neman ƙaramin gari su buɗe reshe. Ka ce musu su zo su ga namu, akwai layi guda na masu aikin ƙarfe, ba sai sun koya wa kowa riƙe guduma ba. Ka dawo ba ka ko shiga gida ba, ka tsaya a rumfata kana haki. Ka ce, "Mai Aski, yaranmu sun daina zuwa ci-rani." Ban taɓa ganinka cikin murna irin ta ranar ba.

Nan da nan aka kafa kwamiti. Masu shaguna, masu motoci, ɗan yayarka a kujerar sama. Kai da ka kawo magana aka ce za a riƙa tuntuɓarka. Suka zauna, suka sha lemo, suka yanke cewa baƙi ba za su so gari mai datti ba. Aka shafe duwatsun bakin titi da farin fenti. Aka ari tukwanen furanni daga gidajen masu hali. Sannan suka dubi layinmu, suka ga baƙin mai a ƙasa da tarin ƙarafa da yara cikin riguna masu ƙuna, suka ce wannan abin kunya ne a ƙofar gari.

Ciyaman da kansa ya zo, ya durƙusa a gabanka, ina riƙe da kan wani ina ji. Ya ce, "Kawu, na ɗan lokaci ne. Ku ja baya har baƙi su wuce, rumfunanku suna nan ba mai taɓa su."

Ka ce, "Ai su layin suke son gani."

Ya ce, "Za mu kai su, Kawu. Su fara ganin tsabta tukuna. Ni zan yi maka ƙarya?"

Na ce maka kada ka yarda. Ka ce bakina ya cika zafi. Kai ka bi rumfa-rumfa kana lallashin mutane, don kai kaɗai za su ji. Muka kwashe kaya muka kai bayan mahauta, cikin kwarin da ko sandar lantarki babu. Washegari da safe katafila ta shigo. Kafin rana ta take, rumfunan da muka tsufa a ciki sun zama fili fetal, an kewaye da waya, an kafa allo wai filin masana'antu. Wannan ita ce sadaukarwar da suke faɗa. Aro aka ce maka, aka yi maka fashi.

Ranar da baƙin suka zo, an kafa rumfar taro a daidai inda injinka yake zama. An ja igiya, mu muna bayanta da sauran jama'a, don masu tsaron ƙofa sun ce ba ka cikin manyan baƙi. Shugaban tawagar, wani dattijon injiniya mai furfura, ya saurari jawabai har ya gaji. Da aka miƙa masa lasifika bai yi godiya mai tsawo ba. Ya ce, "Ina mutumin nan da ya ce mana kuna da layin masu walda da kanikawa? Tun da muka shigo ban ji ƙarar guduma ko ɗaya ba."

Ciyaman ya yi murmushi ya ce, "Ranka ya daɗe, mun tsabtace wurin domin ku. Ga fili nan, sai yadda kuka yi da shi."

Dattijon ya juya ya dubi filin, ya ce, "Fili kam ko'ina akwai shi. Mu hannu muka zo nema."

Duk gari ya ji, don lasifikar a kunne take. Na buɗe baki zan ƙwala cewa ga ka nan, ka damƙe mini wuyan hannu da hannunka mai kanta, har sai da ya yi kwana yana mini ciwo. Ka ce, "Bari. Ɗan yayata ne, kada ka tozarta shi gaban baƙi." Su kuma suka saki kiɗa don a rufe maganar. Baƙin suka ci abinci suka shiga motocinsu. 'Yan kwamiti ba su kai su bayan mahauta ba, don kunyar abin da suka aikata. Bayan 'yan watanni muka ji an fara gini a garin da ke gaba da mu. Baban Layi, wannan riƙon da ka yi mini, ko yanzu da kake kwance ina jin haushinsa.

Da a ce sun maido mu bayan haka, da wataƙila na haɗiye. Ba su yi ba. Suka ce wani kamfani na tafe, kada a ɓata fili. Aka yi maganar masu sabulu, aka yi ta masu robobi, aka yi ta masu takalma. Kowane sai an sake fentin duwatsu an sake aron furanni. Ba wanda ya ajiye ko bulo ɗaya. Akuyoyi ne ke kiwo a ciki, sai manyan motocin da ke jiran shan mai a gidan man Ciyaman, su ne kaɗai aka buɗe wa waya su kwana.

Mu kuwa a kwari muka ruɓe. Walda ba wuta, ai zaman banza ne. Damina ta zo ruwa ya shiga injuna. Yara suka fara zamewa ɗaya-ɗaya zuwa masana'antar garin gaba, har da babban ɗanka. Abin da ya fi cin ka ba asarar ba ce. Mutanen da ka lallasa ne, suna wuce ka suna gaisuwa a taƙaice. Ka yi ta sintiri ofishin kwamiti da hularka a hannu, yaron da ka goya yana ce maka, "Gobe, Kawu." Hawan jini ya kama ka, daga baya ɓarin jiki ya shanye. Likita yana da sunan da ya ba ciwon. Ni ma ina da nawa, kuma mutum ne mai tafiya da ƙafa biyu.

Zuwana na ƙarshe, aski na je yi maka a ɗaki. Bakinka ya karkace, magana da ƙyar. Ka ce, "Mai Aski, ka yafe wa yaron nan."

Na ce, "Kai ka yafe naka, halinka ne. Nawa yana nan, ban ba kowa ajiya ba."

Ka yi dariya da rabin fuska ka ce, "Taurin kai zai kashe ka." Ga shi kai haƙuri ya fara kashewa.

A zaman makoki 'yan kwamiti suka zo da motoci, Ciyaman ya fi kowa kuka. Ya sa aka yi shiru, ya sanar da maganar ƙofa da suna, ya aika ciki a nemi yardar mai ɗakinka. Me za ta ce? Yayarka, uwarsa, tsohuwa tukuf, tana zaune kusa da ita a tabarma ɗaya. Mai ɗakinka ta sunkuyar da kai kawai, su kuma suka ce shirun nan amincewa ce.

To ni ba mai ɗakinka ba ne, ba wadda nake jin kunyarta. Na ɗauki sandata na bi masu waldan da suka rage a garin nan, kuma duk cikinsu ba wanda bai fito daga hannunka ba. Ban roƙi kowa ba, tuni kawai na yi musu. Ɗaya, wanda muke kira Gajere, har an kai masa ƙarfen aikin. Ya ce, "Baba, wallahi gidana ba komai, aikin nan zai rufa mini asiri."

Na ce, "Ƙera abinka, Gajere. Amma duk wanda ya zauna a kujerata ya tambayi wa ya yi ƙofar nan, zan faɗa. Wanda bai tambaya ba ma zan faɗa masa."

Gajere ya ajiye gudumarsa. Da yamma na ga an ɗora ƙarfen a kura an mayar.

Ciyaman ya biyo ni har kwari, karo na farko da takalminsa ya taka wurin. Ya ce, "Baba Mai Aski, me na yi maka ne? Karrama Kawu nake so in yi."

Na kaɗe kujera na buɗe aska na ce, "Zauna in gyara maka wuya, sai in gaya maka a hankali."

Bai zauna ba.

Daga nan ya aika masana'antar garin gaba a ƙera masa. Bai yi tunanin su wane ne ke riƙe da injunan can ba. Aikin ya faɗa hannun babban ɗanka da yaran layi. Suka ce wa manajansu kowane aiki za su yi ban da wannan, suka gaya masa dalili, shi kuma ya ce a mayar wa mai shi. Yanzu na ji yana cigiyar mai walda a birni. Ya nema. Duk wanda ya ɗauko, a tasha zai sauka, kuma daga tasha zuwa filin nan akwai bakuna da yawa da na riga na cika da labari. In kuwa ƙofar ta tsaya duk da haka, zan ɗauko kujerata in dasa a gindinta, in yi aski kyauta, kowane kai da labarin katafila.

Allah Ya jiƙanka, Baban Layi. Ya yafe maka kurakuranka, Ya sanyaya makwancinka, Ya haskaka shi fiye da hasken da ka yi rayuwa kana kallo ta baƙin gilashi. Ya sa gadajen asibiti da keken gurgu da yaran da ka shiryar su tsaya maka a ranar da ba kwamiti. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka da ta yi jinya ba ƙorafi, da 'ya'yanka da jikokinka, da 'yan layi na nan da waɗanda suka watse. Ina yi wa yayarka ta'aziyya ta musamman, don ita ta rasa ƙane, kuma ba ta da bakin faɗin abin da ta sani. Allah Ya ba su haƙuri irin naka, tunda ni bai ba ni ba.

Su kuwa 'yan kwamiti da shugabansu, ban roƙa musu mutuwa ba. Allah Ya ba su tsawon rai da lafiyar ido, su tashi kowace safiya su tarar da filin nan yana kallonsu. Amin.