Ɗigon Mai a Ƙoƙon Ruwa

Jiya ina wanke-wanke na ga ɗigon mai yana yawo a kan ruwa, sai Kawu ya faɗo mini a rai. Direban gingimari ne, kuma bai taɓa zuba wa birki mai ba sai ya ɗiga shi a ƙoƙon ruwa. Na gaskiya yakan narke, in ji shi.

Shekarar da aka samu mulkin kai, na bi motarsa zuwa kasuwar Lolo sarin busasshen kifi. Mun yi lodi ke nan aka aiko cewa matarsa tana kwance rai a hannun Allah a Bagudo. Ga shi kuma man birki ya tsiyaye. Wani direban tifa daga Dahome ya miƙo masa man haidirolik, irin na ɗaga bodin tifa. Kawu ya ɗiga, man ya tsaya a sama yana sheƙi.

"Kawu, zuba mu tai, ai mai mai ne," na ce ina kuka.

"Ɗiyata, wanga kumbura robobin birki shikai. Mu kai gangara in taka, wayam."

Sai washegari aka samo man birki. Mun isa an riga an rufe ta. Ya daɗe tsugune bakin kabarin, hannunsa na warin mai, sannan ya ce, "Gawa guda na iske. Ban kawo gawa mota guda ba."

Allah Ya haɗa shi da ita inda ba a makara.